Baba Fasto, saɓo ne in gaya wa Allah ina jin haushinsa?

Wata 'yar'uwa a cikin Ubangiji daga nan Jos ta aiko mini da wannan tambaya, ta kuma yarda in amsa a fili domin ta san ba ita kaɗai ba ce. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Baba, maigidana ya rasu wata takwas da suka wuce bayan doguwar jinya. Mun yi azumi, matan zumunta sun kwana suna addu'a, dattawa sun zo sun shafa masa mai, duk da haka ya tafi ya bar ni da yara uku. Tun daga ranar, in na durƙusa sai in ce 'Uba na gode', amma bakina ne kawai yake faɗa. Gaskiyar magana ina jin haushin Allah. Ina tsoron in gaya masa kada in yi saɓo. Yanzu ji nake ya yi nisa da ni ƙwarai. Yaya zan yi?"

'Yata, sannu da rashi. Sannu da ɗawainiyar marayu. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Bari in ba ki amsar tun da fari, domin mai ciwo ba ya son a yi ta kewaye-kewaye da shi. Ba saɓo ba ne. Ki gaya masa, da irin kalmomin nan da kika rubuto mini, kada ki tsaya gyara su. Ai ya riga ya ji su. Dawuda ya ce a Zabura 139, kafin magana ta hau harshensa Ubangiji ya riga ya san ta duka. Wata takwas ke nan kina ɓoye wa Allah abin da yake kallo ƙuru-ƙuru, ke kaɗai kuma kike shan wahalar ɓoyon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san inda tsoron ya samo asali, domin reno ɗaya aka yi mana. Tun muna yara aka koya mana cewa ba a ɗaga ido a kalli babba, ba a mayar masa da magana, in ya yi maka abin da ba ka so sai ka haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki je gaida mutum a gadon asibiti, ana ƙara masa ruwa, ki ce "Yaya jiki?", zai ce "Da sauƙi." A zaman makoki a ce "Yaya haƙuri?", a amsa "Mun gode Allah." Ban raina wannan hali ba ko kaɗan. Na ga yadda ya riƙe mutane a garin nan a rikicin 2001 da 2008 da 2010, lokacin da aka binne mutane da yawa, waɗanda suka saura kuma dole su tashi su dafa wa yara abinci. Amma abin da ya dace a faɗa wa mai gaisuwa a ƙofar gida, mun ɗauke shi mun shiga da shi har cikin ɗakin addu'a, muna amsa wa Allah "da sauƙi" kamar shi ma baƙo ne da ya zo ya tafi.

Sai kuma wata koyarwa da ta bazu a 'yan shekarun nan, wai duk abin da ka furta shi zai same ka, don haka ko kana kwance ka ce kana da ƙarfi, ko zuciyarka ta karye ka ce komai lafiya. Na ga ɓarnar da wannan ya yi wa gwauraye da masu jinya, ba na kuma jin nauyin faɗa. Ya mai da addu'a wani abu mai kama da tsafi, inda mutum yake tsoron kalmar bakinsa fiye da yadda yake dogara ga Ubansa.

Ni ma na bi ta hanyar nan. Sama da shekara talatin ke nan, ina hidima a wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye, zazzaɓi ya kama 'yarmu ta biyu da daddare, kafin mu kai asibiti ta cika a hannun uwarta. Ranar Lahadi na hau bagade na yi wa'azi, mutane suka ce Fasto yana da bangaskiya. Na yi kusan shekara ina yi wa kowa addu'a, na marasa lafiya, na masu aure, na sabon amfanin gona, amma ni da Allah ba ma magana. Wata tsohuwa a zumuntar mata, wadda ko karatu ba ta iya ba, ta tsayar da ni bayan sujada ta ce, "Fasto, tun da yarinyar nan ta tafi ban taɓa jin ka ambaci sunanta a gaban Allah ba." A daren na fita bayan majami'a cikin duwatsu, na kira sunan yarinyar, na tambayi Allah ina yake a daren da muke gudu a kan babur. Na yi maganganun da ban taɓa zaton za su fito daga bakina ba. Ban ji wata murya ba, ban ga wahayi ba. Amma na dawo gida na san na yi magana da wani, karo na farko a cikin shekara.

Bayan haka ne na koma Littafi Mai Tsarki da sabon ido, na kuma yi shekaru ina koyar da Tsohon Alkawari ga masu shirin zama fastoci. Abin da na tarar shi ne, littafin cike yake da irin maganar da kike tsoron yi.

Ɗauki Zabura. Waƙoƙi 150 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa kuka ne da ƙorafi. Mu ne muka zaɓi 23 da 100 da 103 da 121 muna maimaitawa ranar Lahadi, muka tsallake sauran. A Zabura 13 Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko: har yaushe za ka manta da ni, har yaushe za ka ɓoye mini fuskarka. A Zabura 44 jama'a suka ce wa Allah ya farka, don me yake barci, alhali a littafin nan ne aka ce mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi ba ya barci. Sun san ba ya barci. Abin da suke ji ne suka faɗa. Sai Zabura 88, wadda nake so ki karanta a hankali. Yawancin zaburan kuka sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, wannan kam ba ta juya ba. Mai waƙar ya ce wa Allah kai ne ka jefa ni cikin rami mai zurfi, kai ne ka raba ni da abokaina, kalmarsa ta ƙarshe kuwa a Ibrananci ita ce duhu. A kan waƙar an rubuta cewa ta shugaban mawaƙa ce. Wato an ba mawaƙa su rera ta a gaban jama'a, a cikin sujada. Da Allah yana ƙin irin wannan magana, da bai bari ta zama waƙar gidansa ba.

A jana'iza muna son maganar Ayuba, "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, albarka ga sunan Ubangiji." Na tabbata an faɗa miki ita sau da yawa. Maganar gaskiya ce, amma a sura ta 1 take, littafin kuwa sura 42 ne. Mutumin nan da ya faɗe ta, shi ne a sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. A sura ta 7 ya tambayi Allah don me ya mai da shi abin bārata, wato abin da ake auna wa kibiya, a sura ta 10 ya ce ya gaji da ransa, zai saki bakinsa ya yi ƙorafi. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun kyauta a kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi shiru. Da suka buɗe baki sai suka shiga kāre Allah, da maganganu masu tsari irin waɗanda za a ce amin a kansu. A ƙarshe, a sura 42 aya 7, Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Mai kukan ne aka ce ya yi wa masu wa'azin addu'a. Ba zan ɓoye miki ba, Allah ya yi wa Ayuba tambayoyi masu nauyi daga cikin guguwa, Ayuba kuma ya sa hannu ya rufe bakinsa, ba a kuwa taɓa gaya masa dalilin wahalarsa ba. Amma shi ne ya ce, dā da kunne nake jin labarinka, yanzu idona ya gan ka. Abokan da ba su taɓa yin gardama da Allah ba, ba mu ji sun faɗi haka ba.

To ina iyakar take? Tambayarki ke nan ta ainihi, tsoronki kuma yana da tushe, domin Littafi ya yi gargaɗi a kan gunaguni. Inda na fi ganin bambancin shi ne Littafin Ƙidaya sura 11. Jama'a a jeji suna kuka a ƙofofin alfarwansu, suna tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, fushin Ubangiji kuwa ya yi ƙuna a kansu. A surar nan kuma Musa ya buɗe baki ya yi maganar da ta fi tasu zafi. Ya ce wa Allah, don me ka wahalar da bawanka? Ni na ɗauki cikin mutanen nan? Ni na haife su, da za ka ce in rungume su kamar mai reno? In haka za ka yi da ni, gara ka kashe ni yanzu. Amsar da ya samu ita ce, ka tara mini dattawa saba'in su ɗauki nauyin tare da kai. Me ya raba su? Jama'a sun juya wa Allah baya suna maganarsa a tsakaninsu, har daga baya a cikin alfarwansu suka ce don ya ƙi su ne ya fito da su daga Masar, zuciyarsu kuma tana neman hanyar komawa. Musa kuwa Allah ya fuskanta, shi ya kai wa ƙara. Mutum ba ya kai ƙara wurin wanda ya riga ya fid da rai da shi. Matar Ayuba ta ce ya zagi Allah ya mutu, wato ya yanke zumuncin. Wannan ita ce iyakar, ke kuwa ba ki kusa da ita ba. Wadda ta yanke zumunci ba ta durƙusawa wata takwas, ba ta kuma rubuto wa fasto tana kukan Allah ya yi nisa.

In kuma saɓon Ruhu Mai Tsarki ne yake ba ki tsoro, ki duba Markus 3. Yesu ya yi maganar nan ne a kan malaman Attaura da suka ga aikinsa da idonsu suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Ba ruwan wannan da gwauruwar da take tambaya don me.

Yanzu ga maganar nisan da kike ji. Kin yi zaman aure, 'yata, ki gafarce ni in na taɓa inda yake ciwo. Kin san irin ranar da aka ɓata miki rai, kika ajiye abinci kika ce "ga abinci", aka ce "sannu da aiki", babu wanda ya ɗaga murya, amma gidan ya yi sanyi kamar Jos a watan Janairu. Ladabi yana nan, kusanci ne babu. Sai ranar da kika zauna kika amayar da abin da ke ranki, ko da hawaye ko da faɗa, sannan gidan ya koma gida. Abin da nake gani ya faru tsakaninki da Ubangiji ke nan. Abu ɗaya ne ya cika zuciyarki, shi kaɗai ne kuma kika hana bakinki kai masa, saboda haka duk abin da ya rage na addu'arki gaisuwa ce.

Ki tuna da Hannatu a 1 Sama'ila. Ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna tana tsokanarta kowace shekara, mijinta Elkana mai ƙaunarta ne amma bai gane ba, har yana tambaya ko bai fi mata 'ya'ya goma ba. A Shilo ta yi addu'a leɓunanta suna motsi ba a jin murya, Eli firist ya ɗauka ta bugu. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, ni mace ce mai baƙin ciki, zuciyata nake zubawa a gaban Ubangiji. Abin da yake taɓa ni kullum shi ne sura ta 1 aya ta 18: ta tashi ta tafi ta ci abinci, fuskarta kuma ta sake. A lokacin ba ta yi ciki ba tukuna. Ba abin da ya canja a gidan Elkana.

Marta da Maryamu kuwa naki labarin ne sak. Sun aika wa Yesu cewa wanda yake ƙauna ba shi da lafiya, ya ƙara kwana biyu a inda yake, da ya iso Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Su biyun magana ɗaya suka tare shi da ita: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Akwai bangaskiya a ciki, akwai kuma zargi, ba a iya raba su. Bai tsawata wa ko ɗaya ba. Da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya yi hawaye.

Shi kansa Yesu, a Getsamani, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa ransa yana shan wahala har kamar ya mutu. Ya fāɗi ƙasa ya ce, Abba, Uba, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, sannan ya ce ba nufina ba, naka. Ki lura da wanda ya zo da fari. Mu mukan yi tsalle mu kama na biyun don mu guje wa na farkon, shi ya sa "nufinka za a yi" take fita daga bakinmu ba nauyi. Sau uku ya koma yana roƙon. Ibraniyawa 5 ta ce ya yi addu'o'insa da kuka mai ƙarfi da hawaye. A kan gicciye kuma ya ɗauki farkon Zabura 22 ya yi kira da ita, Allahna, Allahna, don me ka yashe ni? Markus ya ajiye mana maganar yadda ta fito, "Eloi, Eloi, lama sabaktani", da Aramiyanci, harshen da ake yi a gida da kasuwa a ƙasarsu.

Wannan ya kawo ni ga wata shawara da na ga ta taimaki mutane da yawa a nan Filato. Da yawanmu da Hausa ko Turanci muke sujada, mun kuma haddace kalmomin addu'a a cikinsu har suna fita da kansu ba tare da zuciya ta sani ba. In kina da yaren da uwarki ta yi miki rarrashi da shi, Berom ne ko Ngas ko Mwaghavul ko Tarok ko wani, ki gwada yin wannan addu'ar da shi. Yana da wuya mutum ya yi wa Allah maganar baƙo da harshen da ya yi kukan yarinta da shi. In Hausar ce taki, to ki ajiye Hausar bagade, ki yi ta tsakar gida.

Za a ce miki ai Bulus ya ce a yi godiya a cikin kowane hali. Haka ne. Bulus ɗin nan ne kuma ya rubuta wa Korintiyawa cewa a Asiya wahala ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai, ya kuma roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki ba a cire ba. Ga Tasalonikawa bai ce kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege. Godiyarki za ta dawo, za ta kuma zama taki ta gaskiya. Kada ki matsa mata.

Ba zan yi miki alkawarin cewa daga kin faɗa za ki ji daɗi washegari ba. Wasu sukan ji sauƙi nan da nan kamar Hannatu, wasu kuma sukan daɗe a Zabura 88. Uwa Teresa ta Kalkata, wadda duniya ta sani da hidimar matalauta, sai bayan rasuwarta a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007, mutane suka san ta yi shekaru masu yawa tana jin Allah ya yi mata shiru, tana kuwa tashi kowace asuba ta yi addu'a. Jin kusancin Allah yana zuwa yana tafiya, kamar yadda hazo yakan rufe duwatsun Shere da safe alhali suna nan. A ranakun da ko kalma ɗaya ba ta fita, Romawa 8 aya 26 ta ce Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ki zauna kawai a gabansa, ki yi kukanki.

Abu biyu kuma da ba zan bari su wuce ba. Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ki nemi mace ɗaya a cikin zumunta, wadda ta san rashi, wadda kuma ta iya riƙe magana, ki gaya mata abin da kika gaya mini. Ba kowa ba, domin akwai irin su Elifaz a kowace ikkilisiya, da kyakkyawar niyya za su ƙara miki ciwo. Na biyu, in barci ya ƙaurace miki makonni, ko abinci ya ƙi shiga, ko tunanin raba kanki da duniya ya fara zuwa, ki gaya wa wani a ranar, ki kuma je asibiti. Akwai likitocin da wannan ne aikinsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Babu rashin bangaskiya a ciki. Da annabi Iliya ya kwanta a gindin itace a jeji ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci, magana sai daga baya.

Yaran ma suna kallonki. In ɗayansu ya tambaya don me Allah ya ɗauki Baba, kada ki rufe masa baki da "ba a faɗin haka". Ki ce ke ma kina tambayarsa, ku zo mu tambaye shi tare.

A daren nan, bayan sun yi barci, ki buɗe Zabura 13. Aya shida ce kacal. Ki karanta da murya, inda Dawuda ya sa damuwarsa ki sa sunan maigidanki, ki faɗi ranar da ya tafi, ki faɗi azumin da kuka yi, ki tambaya har yaushe. In kin kai aya ta 4 kika ji ba za ki iya shiga ta 5 da ta 6 ba, inda ya ce yana dogara ga madawwamiyar ƙaunar Ubangiji zai kuma raira masa waƙa, ki rufe littafin ki kwanta. Gobe ki sake farawa daga aya ta 1. Ni da Mama muna ambaton ki a addu'armu ta asuba. Ki gaishe mini da yaran.